Kujerar Naomi a Jirgin Kyaftin

Zauren ya cika tun watan Maris. Mata ɗari biyu da hamsin da shida ne a ciki, iyakar abin da WhatsApp ke ɗauka a lokacin, ga wasu wajen arba'in a layi suna jiran wata ta fita su shiga. Sunansa Fasinjojin Kyaftin. Saboda littafi ɗaya aka buɗe shi, Saukar Gaggawa, wanda wata marubuciya da ake kira Maman Fatihu take saki shafi-shafi, Litinin da Laraba da Asabar. Ba wadda ta taɓa ganin fuskar Maman Fatihu. Kyaftin Uthman kuwa, matuƙin jirgin saman da ke cikin littafin, kowace ta san kamanninsa: dogo, mai saje, ba ya dariya, ba ya ba da haƙuri, turarensa na riga shi shiga ɗaki.

Saudatu na cikin admin ukun da ke kula da zauren. 'Yar Zariya ce, shekararta biyu da samun aiki a wata ma'aikatar tarayya, tana haya a Karshi don ɗakin cikin gari ya fi ƙarfinta. Ba ta san kowa a Abuja ba lokacin da ta zo. Mutum ta farko da ta fara tambayarta ko ta ci abinci ita ce Naomi, tela mai shago a bakin inda ake hawa mota, 'yar asalin garin, wadda ta girme ta da shekara goma sha biyar. Naomi na jin Hausa sarai, da ita take ciniki, da ita take faɗa, amma ba harshen gidansu ba ne, karanta ta a waya kuma na sa mata ciwon kai. Wata rana ta ga Saudatu tana murmushi ita kaɗai a kan bencin shagon.

"Ƙanwata, wane ne yake sa ki wannan dariya? Kawo shi mu gani."

"Ba mutum ba ne, Anti. Littafi ne."

"To karanta mini, hannuna ne yake aiki, kunnena yana zaune banza."

Daga nan abin ya fara. Duk ranar aikin da shafi ya fito, Saudatu kan ɗauki wayarta lokacin hutun rana, ta shige ɗakin ajiye tsofaffin fayil a hawa na huɗu na ofishinsu, ta karanta shi da murya ta tura wa Naomi. In ta zo kan maganar Kyaftin sai ta kaurara murya, ta riƙa jan kalmomin a hankali kamar mai jin barci. Da ta gwada tura ɗaya cikin zauren, mata suka rikice. Suka ce ko Maman Fatihu ba ta san Kyaftin kamar yadda maƙogwaron Saudatu ya san shi ba. Muryar ce ta ba ta admin, ita kuma ta yi amfani da admin ɗin ta roƙa wa Naomi kujera kafin a cika.

Dokokin zauren uku ne: ban da talla, ban da siyasa, kuma wadda ta ci mutuncin Kyaftin za a sauke ta daga jirgi. Ta ukun da dariya aka rubuta ta. Saudatu ce ma ta kawo kalmar saukewa.

Wadda ta kafa zauren ita ce Hajiya Rukayyat, mataimakiyar darakta a wata hukuma, kowa na ce mata Momi. Da Maman Fatihu ta sanar cewa shafin ɗaurin auren Kyaftin da Fadima zai fito Asabar ɗin ƙarshen wata, Momi ta ce ai ba a yi auren Kyaftin a waya kawai ba. Za a yi walima a wani lambu a unguwar Gudu, da anko, atamfa ruwan sararin sama. Mata sittin da ke Abuja suka rubuta suna. Ɗinkin ashirin da uku daga cikinsu aka kai wa Naomi.

Saura kwana goma walima shafi na sittin da ɗaya ya fito. Fadima, wadda ta karanta injiniya, ta sami takardar ɗaukar aiki a wani kamfani a Fatakwal. Ta kai wa Kyaftin tana rawar jiki. Ya karanta a tsaye, ya yaga ta gida huɗu, ya zuba mata a tafin hannu, ya ce, "Duk abin da takardar nan za ta ba ki, ni zan ba ki ninkinsa. Ba inda za ki." Sau uku Saudatu ta maimaita wajen a ɗakin fayil kafin muryar ta yi mata yadda take so. Da ta saurara, ita kanta sai da tsigar jikinta ta tashi.

Zauren ya kama da wuta. Nabilah, wata ɗalibar jami'a da ba a riga ta sharhi, ta rubuta, "Ya Allah ka ba ni wanda zai yaga mini takarda." Wata ta ce, "Ni ya haɗa har da satifiket ɗina na firamare." Momi ta ce, "Wannan shi ne namiji. Yara ku dage da addu'a."

Wajen ƙarfe uku saƙon murya ya shigo daga Naomi, wadda ba ta taɓa magana a zauren ba sai dai ta tura hoton babban yatsa. Ana jin ƙarar keken ɗinki ya tsaya kafin ta fara.

"Sannunku da aiki, 'yan jirgi. Ni Naomi ne, mai ɗinki. Ina da tambaya. Wannan yarinya ya yi shekara biyar a makaranta, ko ba haka ba? Wannan oga ya zo ya yaga takarda, ku kuma kuna tafi. Wannan ba so ba ne. Ɓarawo ne mai turare. Na gama."

Sai Nabilah ta rubuta, "To fa. 'Yan feminis sun shigo jirgi ba tikiti."

"Littafi ne fa, baiwar Allah, ba kotu ba."

"Kishi ne irin na maza, wanda ba ya sonki ba zai damu da inda za ki ba."

Wata likita mai suna Umma ta rubuta, "Amma ku tsaya, tana da gaskiya ta wani ɓangaren," sai kuma ta goge kafin a amsa mata. Wata ta ce, "Ta fara gyara Hausarta kafin ta gyara mana Kyaftin," aka jera mata fuskokin dariya goma sha. Saudatu na zaune a teburinta tana gani. Ta rubuta amsa, ta goge, ta sake rubutawa, ta kife wayar.

Wayar ta yi ƙara. Momi ce.

"Saudatu, kin ji abin da telarki ta yi?"

"Na ji, Momi. Ina ganin ba da wata manufa ta faɗa ba."

"Ɓarawo fa ta ce. Kin san Maman Fatihu tana cikin zauren, tana karanta komai. In ta yi fushi ta ajiye rubutun, saura kwana goma, me zan ce wa mutane? Doka ce, ke kika taya ni rubuta ta."

"Da wasa muka rubuta, Momi."

"To yau ta zama gaske. Ke kika kawo ta, ke za ki sauke ta. In ba za ki iya ba ki gaya mini."

Saudatu ta tuna lokacin da taifot ya kwantar da ita bara, matan zauren nan ne suka yi ta zarya Karshi da farfesu. Ta tuna Babbar Sallar da ba ta samu zuwa gida ba, a falon Momi ta ci nama. Ta ce wa kanta kwana biyu ne, in ƙura ta lafa sai ta dawo da ita. Ƙarfe uku da minti arba'in ta danna sunan Naomi. Rubutu ya fito a tsakiyar zauren cewa Saudatu ta cire Naomi Tela. Kafin minti biyu admin ta uku ta shigo da ta farko a layi, zauren ya koma ɗari biyu da hamsin da shida. Wannan ne Saudatu ba ta lissafa ba.

Washegari da safe ta tsaya a ƙofar shagon kamar kullum.

"Anti, ina kwana."

"Lafiya lau, Madam."

Ba ta ɗago daga kan keken ba. Haka aka yi kwana takwas. Naomi ba ta fasa amsa gaisuwa ba, ba ta kuma fasa ɗinkin ankon ba, riguna shuɗɗa na ta ƙaruwa a jikin igiyar shagon. Ƙanwata ce dai ta ɓace, Madam ta maye gurbinta. Saudatu ta ci gaba da shiga ɗakin fayil, ta karanta shafi na sittin da biyu da na sittin da uku da na sittin da huɗu, tana tura wa Naomi ita kaɗai bayan ta tura zauren. Saƙonnin na isa, ba a buɗe su.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta je karɓar kayan. Naomi ta riga ta ninke su cikin ledoji, kowace da sunan mai ita a jiki.

"Ashirin da uku ne. Ki duba, Madam."

"Anti, don Allah ki daina ce mini Madam."

"To me zan ce? Wanda yake da iko ya cire mutum ai Madam ne."

"Na yi kuskure. Na ɗauka zan iya dawo da ke, sai aka cike wurin."

"Ba wurin ne ya dame ni ba." Naomi ta jawo ƙaramar durowar da ke jikin keken, inda take ajiye allurai da alli. Daga ƙasa ta zaro wata takarda da ta yi ruwan ƙasa, ta shimfiɗa a kan atamfar. An yaga ta gida shida, an kuma haɗa ta da keke, farin zare ya bi kowace tsaga a karkace. Saudatu ta sunkuya ta karanta. Takardar shiga makarantar koyon aikin jinya ce, da sunan Naomi, shekara goma sha tara da suka wuce.

"Saura wata biyu aurenmu," in ji Naomi. "Na kai wa Enoch ina murna. Ya ce in na tafi likitoci za su ɗauke ni. Ya yaga yana kuka, wai don yana sona. Ƙawayena suka ce na yi sa'a, kamar yadda naku suke faɗa. Ni ma na yarda. Ranar da na sayi wannan keke, shi ne abu na farko da na ɗinka."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Na gaya miki. Na gaya wa mutum ɗari biyu. Ke kika danna."

Babur ya tsaya a ƙofar shagon. Enoch ne, mijin Naomi, daga gona, da doya huɗu ɗaure a baya. Gajeren mutum mai fara'a, furfura ta fara cin gemunsa.

"A'a, 'yar gwamnati, kwana biyu. Yaushe za ki samo mini aiki a ofis, in huta da rana?" Ya kwance doya ɗaya ya ajiye kusa da ledojin. "Wannan naki ne, kar Maman Juliet ta cinye." Ya juya ga matarsa ya ce zai wuce ya ɗauko 'yarsu Juliet daga lesin, jarabawarta ta matso.

Da ya tafi Naomi ta ninke takardar ta mayar. "Kin gan shi. Mutumin kirki ne, ko tsawa ba ya yi mini. Yanzu shi yake kai 'yarmu lesin, yana so ta zama nas. Bai ma tuna ba. Da mugu ne da na san inda zan ajiye abin."

Saudatu ta kwashi ledojin da doyar ta tafi.

Lambun Gudu ya yi kyau ranar Asabar. An kafa rumfa, an buga kati mai ɗauke da sunan Uthman da Fadima, an yi kek da ɗan jirgin sama a kansa. Momi ta aika direbanta kasuwar Zuba tun safe, tebur ya cika da kankana da abarba da ayaba. Mai kula da lambun ya zagayo sau biyu, a na uku ya kasa haƙuri.

"Hajiya, amarya ba ta iso ba har yanzu?"

"Tana sama, ba su sauka ba," in ji Nabilah, mata suka kwashe da dariya.

Ƙarfe biyar Maman Fatihu ta ce za ta saki shafin, Saudatu ce za ta karanta shi a lasifika. Kafin nan aka ce ta ɗan ɗumama wuri da shafin da aka fi so. Aka tambaya wanne, baki ya zo ɗaya: sittin da ɗaya.

Ta miƙe da wayarta. Ta dubi rigunan da ke gabanta, ta gane hannun Naomi a wuyan wasu, yadda take ninka bakin hannu sau biyu. Ta fara karatu. Da ta iso wurin ta buɗe baki za ta kaurara murya, sai ta ga farin zaren nan. Ta karanta da muryarta ta kullum, wadda take amsa wayar ofis da ita.

"Duk abin da takardar nan za ta ba ki, ni zan ba ki ninkinsa. Ba inda za ki."

Ba wadda ta yi guɗa. Kalmomin suka tsaya a rumfar tsirara, wani mutum yana gaya wa wata ba za ta tafi ba.

"Haba Saudatu, muryar fa?" in ji wata daga baya.

"Muryar tawa ce, ba tasa ba. Shi abin da ya ce ke nan." Ta juya wajen babban tebur. "Momi, ranar da aka ba ki takardar ƙarin girma kin turo mana hotonta, muka yi ta murna har washegari. Da Alhaji ya yaga ta, me za mu rubuta miki?"

"Alhaji ba Kyaftin ba ne," in ji Momi, aka ɗan yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ajiye cokalinta. "Saurara, 'yata. Shekarata ashirin da shida ina aiki. Faɗan da na yi da maza a kan tebur ba ki yi rabinsa ba. Ba wanda zai koya mini darajar takarda. In na dawo gida na cire takalmi, ina son in karanta abin da ba zai tambaye ni komai ba. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne, Momi. Ni ma ina son littafin, ban fasa ba. Amma wadda aka yi wa abin da gaske ta ce mana da ciwo, muka yi wa Hausarta dariya, muka sauke ta. Ni na sauke ta. Ita ta ɗinka rigar da ke jikinki."

Likita Umma ta ce a hankali, "Ni ma na rubuta na goge."

"To yanzu bikin ne za a mayar taron kare haƙƙin mata?" in ji Nabilah. "Mu fa kek muka zo ci."

"Ina roƙon a dawo da ita, shi ke nan," in ji Saudatu.

"Zaure a cike yake, kin fi kowa sani," in ji Momi.

"Ga kujerata."

"Kujerarki akwai mai ita a layi. In na tsallake layi saboda ke, gobe kowa ta kawo tata." Momi ta dube ta, ba fushi a fuskarta. "Zauna ki sha ruwa, biyar ta kusa."

Saudatu ba ta zauna ba. Ta matso da lasifikar bakinta. "To ni ma na faɗa, a gaban kowa. Ɓarawo ne. Mai turare."

Momi ta ɗauki wayarta, ta sa tabarau, ta nemo sunan Saudatu da kanta, ta danna. Wayoyi sittin suka yi ƙara kusan tare. Saudatu ta ajiye lasifikar a kan tebur, ta yi sallama, wasu suka amsa. Wata dattijuwa da ba ta sani ba ta cusa mata yankan kek a leda a bakin ƙofa.

Go-slow ya riƙe ta a hanya, sai dab da magariba ta sauka a Karshi. Naomi na share zare a ƙofar shago. Ta dubi ankon tun daga kafaɗa har ƙasa, irin kallon tela.

"An ɗaura?"

"Ban sani ba. An sauke ni kafin a saki shafin."

"Me kika yi?"

"Na maimaita abin da kika ce. A lasifika."

Naomi ta jingina tsintsiyar da bango. "Har da turaren?"

"Har da shi. Na roƙa a dawo da ke, ba su yarda ba."

"Wa ya ce miki ina son komawa?" Ta kaɗe zaren da ke jikin zaninta. "Yanzu mu biyu ba wanda ya san ƙarshen labari. Kin yi wauta."

Wayar Saudatu ta motsa. Nabilah ce, ta turo mata shafin gaba ɗaya, da layi ɗaya a ƙasa: "Har yanzu ina son shi. Amma ga shi, ki karanta wa Antinki. Ki ce ɗinkin ya zauna."

Saudatu ta duba sama-sama. "An ɗaura. Fadima ta ce ta yafe masa, aikin ma dama ba ya ranta."

"Haka na ce wa Enoch ni ma." Naomi ta janye tarin yadi daga kan bencin, ta karɓi ledar kek ɗin ta leƙa ciki. "Zauna, ƙanwata. Fara daga sittin da biyu, ban ji su ba. Amma ban da wannan murya."

Saudatu ta cire takalmanta, ta zauna, ta nemo shafin.